Kwana Huɗu a Chungju, Inda Dattijo Ya Taɗe Ni

Sayayyar kayan gyaran mota ce ta kai ni Koriya ta Kudu. Daga Abuja muka tashi, muka ya da zango a Addis Ababa, muka sauka Incheon ƙafafuna sun yi suntum don zama. Cikin mako guda na gama ciniki, sai mai loda mini kwantena ya ce in jira shi kwana biyar. Zaman otal a Seoul ƙona kuɗi ne kawai, don haka na ce bari in biya wani tsohon bashi da nake bin kaina.

Ni ɗan gidan mahauta ne. Kakana ya yi dambe, kawuna ma ya ɗaure hannu shekara da shekaru kafin ƙarfi ya ƙare. Ni ne na kauce wa gado, na shiga tekwando tun ina sakandare a Kano, har na ɗaura baƙar ɗamara kafin kasuwa ta janye ni. Malaminmu na lokacin ya sha faɗa mana cewa a Koriya akwai wani wasa da ya girmi tekwando nesa ba kusa ba, sunansa tekkyon, shi ma bai taɓa ganinsa da ido ba. Da farko na so in nufi Muju, inda ɗan Nijar Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya zama zakaran tekwando na duniya a 2017, shekara guda bayan ya ciyo azurfa a gasar Olympics ta Rio. Amma tekwando na san shi. Sai na tafi tashar Dong Seoul na yanki tikitin Chungju, garin da ake koyar da tekkyon.

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ƙarshen Oktoba ne, duwatsu sun yi ja sun yi rawaya, motar kuma sai shiga rami take tana fita, don mutanen nan ba sa kewaye dutse, huda shi suke. Chungju garin tuffa ne, har a bakin titi an jera bishiyoyinta, 'ya'ya sun nuna jawur, ba mai tsinka. Na tsaya ina kallo, ina tuna yadda mangwaron gidanmu ba ya kai wa nuna. A garin ne Ban Ki-moon ya yi sakandare, kuma a bakin kogin Namhan akwai hasumiyar dutse mai hawa bakwai tun zamanin daular Silla, suna ce mata Jungangtap, wai nan ne tsakiyar ƙasa. Na je, na ɗauki hoto, sanyi ya koro ni. A masauki da na buɗe waya don neman alƙibla, sai ta nuna mini yamma. Mu da muke cewa "ya fuskanci gabas" in mutum ya ta da salla, ga ni nan na juya wa gabas baya ina kabbara.

Washegari wani saurayi ɗalibin jami'a mai jin Turanci ya kai ni zauren horo. Tun daga ƙofa aka fara karatu. Na cire takalmi na watsar yadda na saba, sai na ga yaron ya sunkuya ya jera su, ya juyar da bakinsu waje, bai ce mini komai ba. Kunya ta kama ni. Malamin dattijo ne gajere, sanye da farar riga da wando mai faɗi irin na manoman da, an ɗaure ƙafar wandon a idon sawu. Tambayarsa ta farko ba sunana ba ce, shekaruna ya tambaya. Na ce arba'in da huɗu. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini inda zan tsaya a sahu, bayan wasu tsofaffi uku, gaban samari. A can sai an san shekarunka ake sanin irin harshen da za a yi maka magana da shi. Wannan bai zame mini baƙo ba. Haka ma miƙa abu da hannu biyu, ko da hannun dama hagu na tallafe da shi, duk tarbiyyar gidanmu ce.

Inda na tsaya cak shi ne gaisuwa. Suna sunkuyawa sosai ga malami, kusan ruku'u. Tun a Kano mun sha muhawara a kan wannan a ajin tekwando, wasu ma iyayensu sun cire su saboda haka. Na ce wa yaron ya gaya wa Malam, da girmamawa, cewa addinina bai bar ni in kai nan ba. Dattijon ya saurara, ya tambaye ni yadda nake gaida mahaifina. Na sa hannu a ƙirji, na rage tsawo kaɗan, na sunkuyar da ido. Ya ce to haka zan riƙa yi masa. Maganar ta ƙare a nan. Har na bar garin, in na shigo, shi ma hannu yake sawa a ƙirji.

Sai aka fara, ni kuwa na kusa yin dariya. Ina jiran tsawa da ƙamewa irin ta soja, sai na ga mutane suna rangaji. Ana ce wa takun pumbalki. Ka ɗauka akwai duwatsun murhu uku a ƙasa: ƙafa ɗaya ta taka na gaba, ta dawo, ɗayar ta taka, ta dawo, gwiwa tana lanƙwasa tana miƙewa, nauyin jiki yana zuba daga wannan ƙafa zuwa waccan. Sunan ma daga wani harafin Sin aka samo shi, mai siffar akwati uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa. Hannuwa kuma suna shawagi kamar fukafukan shirwa, wannan shi ne hwalgejit. Bakinsu na cewa "ikku, ekku" a hankali, ba irin ihun da muke ƙwallawa a tekwando ba. Da a ce an sa musu kalangu, da na rantse biki ake.

Minti ashirin aka yi ana wannan rangajin, cinyoyina suka fara rawa. Matsalata ita ce jikina ya saba da ƙirga biyu, kai hari ka janye, su kuwa ƙirgarsu uku ce. Kullum ina riga su ko ina makara. Malam ya zo bayana ya dafa kafaɗuna ya girgiza su kamar mai kakkaɓe buhu. Yaron ya fassara: wai na riƙe jikina kamar wanda ake bi bashi.

Da aka huta, aka kawo ruwan sha'ir mai ɗumi, sai Malam ya nuna mini hotuna biyu a bango. Na farko Song Deok-gi ne, an haife shi a 1893, ya koyi wasan yana yaro a gindin dutsen Inwangsan a Seoul. A zamaninsa unguwa da unguwa ake karawa, musamman a bikin Dano, ranar 5 ga watan biyar na lissafin wata. Yara ke buɗe fili, sannan manya su shigo, wanda ya yi nasara ya tsaya a jira mai ƙalubalantarsa. Da na ji haka sai na ga filin damben kaka a ƙauyenmu. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, wasan ya dusashe har ya kusa zama sai wannan mutum ɗaya. Na biyun Shin Han-seung ne, ɗan kokawa da ya bi Song ya koya, ya tsara darussan, ya kafa makaranta a Chungju. Da ƙoƙarinsa gwamnati ta sa tekkyon cikin jerin al'adun da take karewa a 1983, da lamba 76. Dukansu biyu suka rasu a 1987. A 2011 UNESCO ta karɓe shi cikin jerinta na al'adun gargajiya. Tekwando da duniya ta sani, sunansa ma sai a 1955 aka raɗa, kuma duk wanda ya yi wasannin biyu zai ji a jikinsa cewa tekwando ya fi kusa da karate.

A rana ta uku aka ce in gwada karawa. Dokar mai sauƙi ce: ka kai abokin karawarka ƙasa, ko ƙafarka ta taɓa fuskarsa. Ba naushi, ba cakumar riga, amma in ya ɗago ƙafa kana iya cafke ta. Aka haɗa ni da ɗaya daga cikin tsofaffin nan uku, mutum mai furfura, wai direban tasi ne da ya yi ritaya. Na ji nauyi, na ce a raina zan bi shi a hankali.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, ya matso dab da ni ya ajiye ƙafarsa ɗaya a gabana, inda zan iya share ta. A tekwando wannan ganganci ne. Daga baya aka gaya mini cewa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin wasan har doka ta mai da shi, suna ce masa dejop, kalmar da suke amfani da ita wajen karɓar baƙo: ka ba abokin karawarka abin da zai nema. Na ga banza ta faɗi, na kai shara. Ƙafar ba ta nan. Nauyinsa ya riga ya koma baya, ni kuwa nawa duk ya tafi gaba. Na ji tafin hannunsa a gefen wuyana, ba mari ba, dafawa, sannan cikin ƙafarsa ya ɗauke dugadugina. Sai ga rufin zaure a gabana. Abin da ban manta ba, ban bugu ba. Hannunsa na riƙe da damtsena har na isa ƙasa, kamar mai sauke tulu.

Sau uku ya yi mini haka. A na huɗu zuciya ta ɗebe ni, na saki irin dukan da na iya, mai zafi, mai karta. Ya kauce, Malam ya tsai da mu. Bai yi faɗa ba. Ya sa ni na tsaya, ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙirjina a hankali, sannan ya tura. Na yi taga-taga har bango, amma ko zafi ban ji ba. Ya ce wanda kake karawa da shi maƙwabcinka ne, gobe tare za ku shiga gonar shinkafa, in ka karya masa haƙarƙari wa zai taya ka dashe?

Na daɗe ina juya wannan magana. A dambe in ka kai mutum ƙasa cewa ake ka yi kisa, makaɗi ya ɗauki kirarinka, fili ya ruɗe. Ba na ce namu ya gaza ba. Jarumtar da ke cikin turmi uku na dambe ban ga irinta a zauren nan ba, kuma 'yan damben ma rungumar juna suke bayan an raba. 'Yan tekkyon su ma ba waliyyai ba ne. Suna da abin da suke kira yetpop, tsofaffin dabarun illata mutum, waɗanda aka hana a fili amma ake koya wa manyan ɗalibai. Ƙungiyoyinsu kuma ba sa ga maciji a kan wane ne ya gaji Song da gaske. Ajin da na shiga yawanci yara ne da tsofaffi. Samarin gari suna wajen tekwando. Amma kawuna yau ba ya iya dunƙule hannun damansa, ga shi wannan direba ya girme shi yana taɗe baƙi yana dariya.

Daren ƙarshe suka kai ni cin abinci. Yaron ya yi ta fama da mai gidan abincin a kan naman alade, a ƙarshe aka kawo mini shinkafa da ganyaye da ƙwai a kaskon dutse mai ƙuna. Ba wanda ya ɗauki cokali sai da Malam ya ɗauka. Direban ya cika mini leda da tuffa daga gonar ƙaninsa, ya miƙo da hannu biyu.

A motar komawa Seoul na kira Kawu. Awa takwas ke tsakaninmu, shi ya idar da asuba ke nan. Na ba shi labari tiryan-tiryan.

Ya ce, "Tsaya, ɗan nan. Wa ya yi kisa?"

Na ce, "Shi, Kawu. Sau uku."

"Shekarunsa nawa?"

"Sittin da takwas."

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ya ce in na dawo kada in ba da labarin nan a mahauta, in zo gida tukuna in nuna masa yadda tsohon ya ajiye ƙafar.