Kwamfuta ta iya awon fili, amma ba ta san mai gona ba

Duk lokacin da aka ce za a gyara hanya ko a ja wayar wuta a nan Arewacin Kamaru, tun kafin katafila ta iso maganar diyya ce ke cika gari, mita nawa za a ci a gonar wane, gidan wane zai tafi. Ni aikina ke nan, ina taimaka wa masu awo da lissafin fili a kwamfuta, kuma mutane sun ɗauka wani tsafi ne, alhali abin ba wuya.

Manhajar da nake amfani da ita QGIS ce, kyauta ake sauke ta, manyan ofisoshi kuma sun fi son AutoCAD da Covadis. Za ka zana layin tsakiyar hanya, ka ce mata ta buɗa misali mita 20 dama mita 20 hagu, sai ka ɗora taswirar gonaki da gidaje a kai, ita kuma ta yanko maka abin da ya faɗa ciki na kowane mutum ta rubuta yawansa. Kilomita 10 a faɗin mita 40 hekta 40 ke nan, da awon manoman auduga kuwa kar 160 tunda kar ɗaya rubu'in hekta ne. Abu guda dai, ka tabbata taswirar tana kan UTM 33N, wato tsarin taswira da ke awo da mita na yankinmu, a nan Garwa da Marwa har Injamena duk suke, in ka bar ta a digiri ka rubuta 20 toh wallahi sai ta haɗiye maka Kamaru da Cadi gaba ɗaya.

Wahalar tana wajen iyaka. Yawancin gonakinmu ba su da takardar mallaka, iyakar tana kan jauro da lawan, wato sarakunan ƙauye, da dattawan unguwa, daga kukar can zuwa jigon tururuwa, daga nan ka bi kwari. Kwamfuta ba ta san wannan ba, abin da ka ba ta shi za ta lissafa maka har da lamba biyu bayan ɗigo, ko da ƙarya ne. GPS na waya yakan kauce da mita uku zuwa biyar, a gonar da take mita 50 kowane gefe kuskuren mita uku a gefe ɗaya ya ci murabba'in mita 150, kuma mai gonar ya san gonarsa kunya-kunya, ba zai yarda ba.

Sai batun hoton tauraron ɗan'adam, wanda wasu ke zama a ofis su zana a kai ko ƙura ba ta taɓa takalminsu ba. Je ka Diyamare, yankin Marwa, ka ga karal, wato filin ƙasar laka, a hoton bazara fili ne fetal duk ya tsattsage kamar ba mai shi, alhali ƙarshen damina ake dasa masakwa, dawar rani, a girbe da sanyi, abincin gida guda ne na shekara. Burtali ma haka, kabari haka, wanda ya ari gona yake nomawa haka, ba ɗaya da zai fito a hoto.

Kuma mutanenmu su sani, ba yawan mita kaɗai ake biya ba. Dokar 4 ga Yuli 1985 ita ke tsara karɓar fili don amfanin jama'a, farashin amfanin gona da itatuwa kuma yana cikin dokar Firaminista ta 25 ga Fabrairu 2003. In ba ka da takardar mallaka, abin da ka gina ko ka shuka ake dubawa, shi ya sa mangwaro ɗaya da aka manta ba a ƙirga ba yakan fi mita ɗari na fili zafi. Kwamitin da ke zagayawa ƙarƙashin perefe, wato shugaban gunduma na gwamnati, shi ke rubutawa, ba kwamfuta ba.

Don haka ranar zagaye kar ka aiki yaro, Baba, je ka da kanka da maƙwabcin gonarka, ku tsaya a kan iyaka a ɗauki lambar GPS ta kowace kusurwa a gabanku, a ƙirga itace ɗaya-ɗaya, sannan ka ɗauki hoton takardar da waya kafin ka dangwala hannu.