Abin da kwamfuta ta nuna da abin da Oga ya so ji

Tunda na ajiye aiki a wani kamfanin fata na Kano, abokai ke ta tambayata ko kwaikwayon aiki a kwamfuta yana da amfani a harkar jima. Yana da shi sosai, amma ga yadda tawa ta kaya.

An ɗauke ni ne in zana tafiyar fata a manhajar Arena, tun daga ɗakin gishiri, jiƙo, laim (ruwan farar ƙasa mai cire gashi), karce nama, har ta sha kurom, sinadarin jima, ta zama wetbulu, wato jemammiyar fata mai danshi mai launin shuɗi. Kowane durom (babbar gangar da ake juya fatu da sinadari a ciki) da kowane inji sai ka ba shi lokacinsa, ka saki fatu na ƙarya su bi layi, ka ga inda suke cunkushewa. Lokutan nan ba daga takardun ofis na kwaso su ba. A gindin inji na tsaya da agogo, warin salfaid, sinadarin cire gashi, na ƙona mini hanci. Wani dattijo, helman ɓangaren laim, shi ya ce mini, "Ɗana, sa har da lokacin wasa wuƙar inji, da wanda ake ɓatawa in an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi." Na ce, "To Baba." Da na sa, sai lissafin ya fara kama da abin da ido ke gani.

Sakamakon bai da wata kwana: ba durom ne matsalar ba. Durom yana haɗiye tarin fatun awaki a zubi guda, amma injin karce nama ɗaya bayan ɗaya ake cusa masa da hannu. A nan layi yake tsayawa, musamman bayan Babbar Sallah da fatun layya ke shigowa mota-mota. Kuma duk wanda ya san jima ya san jira a nan ba irin jiran wetbulu ba ne. Wetbulu in an lulluɓe ta da leda tana yin watanni lafiya. Fatar da ta fito daga laim kuwa, in ta daɗe fuskarta saki take yi, in iska ta buge ta tabo ya fito wanda rini ba ya rufewa. Ita kuma jar akuyar Sakkwato, kyan fuskar nan ne ya sa 'yan Italiya da Sifen suke biyan kuɗinta.

Na ba da shawarar a ƙara aikin dare a injin karce, a kuma daina sauke duroman laim lokaci ɗaya. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne.

Ashe manajanmu ya riga ya yi wa mai kamfani alkawarin sabon durom. Ya kira ni ofis ya ce, "Injiniya, taɓa lambobin nan su nuna durom." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba." Na ƙara durom ɗin a kwamfuta a gabansa, ya ga layin jira ya ƙara tsawo. Bai ce uffan ba. Ranar zama da mai kamfani ba a gayyace ni ba, an shiga da rahotona an cire shafukan da suka yi maganar injin karce. Durom ya iso, fatu suka taru a ƙasa suna jiran wuƙa, masu tantancewa suka yi ta jefa su layin marasa daraja. Da aka nemi bayani, a gaban ma'aikata ya ce kwamfutar yaron nan ce ta yaudare su. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, don aikin nan tsakani da Allah na yi shi.

Ga mai shirin shiga wannan layi a Challawa, Sharada ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano: rahotonka ka miƙa wa mai kamfani kwafinsa hannu da hannu, da kwanan wata a jiki. Lissafin shanya ka raba na damina da na hunturu, don ba ɗaya ba ne. Ka sa ruwan dattin da kowane zubi ke fitarwa a lissafin, mutanen bakin kogin Challawa ne suke shan wahalarsa. Kada kuma ka rubuta sunan ma'aikaci kusa da lokacin da ka auna, wani zai iya korarsa da takardarka.

Bayan tafiyata na ji sun fara aikin daren, fatu sun daina kwana a ƙasa. An ce mini dabarar manaja ce.