Moɗar da na buge daga hannun autana

Har yanzu idan na ga farin bokitin roba mai murfi sai gabana ya faɗi. Wata huɗu ke nan, tabon da ke hannuna na dama ma ya fara dusashewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ba sabon shiga ba ce. Shekara biyu ina yin sabulu ina kai wa masu shaguna a unguwarmu. Da sikeli nake awo, ba da gwangwani ba. Soda kuwa, wato sinadarin nan mai ƙona fata da ake haɗa sabulu da shi, na san kilo ɗaya na man kaɗanya wajen giram 128 yake ci, alayyadi kuwa sai ya kai 175, shi ya sa duk wadda ta sauya mai ba ta sake lissafi ba, sabulunta ko ya yi ta maiƙo ko ya ci hannu. Na san soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Na san ba a haɗa ta da tukunyar silba, don cinye ta take yi har ta fitar da iska mai kama wuta. Duk na haddace kamar karatun allo, har gyara wa wasu nake yi.

Cikin bazara ne, zafin Kano ya kai inda ya kai. Na karɓi aikin sabulun biki, na sayo soda daga Sabon Gari, sai na tarar baƙin bokitin da nake jiƙa ta ya tsage a gindi. Na ɗauki farin bokiti, irin wanda muke zuba ruwan sha, na ce ai na yau kaɗai ne. Wanda ya taɓa jiƙa soda ya san halinta: ruwan sanyi ka zuba ta, nan take bokiti ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ga tururi mai shaƙe maƙogwaro. Shi ya sa na ajiye a tsakar gida inda iska take. Sai dai kafin gari ya waye ta huce, ta koma garau kamar ruwan famfo. Ba launi, ba wari.

Ina madafi ina narka kaɗanya na ji ƙarar murfi. Na leƙo, ga autana, ɗan shekara uku, ya cika moɗa ya riƙe da hannu biyu. "Umma, ruwa." Wallahi ban san yadda na tsallake tsakar gidan nan ba. Na buge moɗar, ruwan ya watsu a hannuna, kaɗan ya taɓa rigarsa. Na fizge rigar na yi ta kwarara masa ruwa, shi kuma yana ta tsala kuka, ya ɗauka dukansa na yi.

Ni kuwa na manta da kaina, kuma a nan na ƙone. Soda ba ta faɗakar da mutum kamar garwashi. Santsi za ka fara ji, sai ƙaiƙayi, sannan raɗaɗi, santsin nan kuwa maiƙon fatarka ne take mayarwa sabulu. Facalata ta fito a guje da kwalba: "Yaya, ki shafa manja!" Wata maƙwabciya ta ce a matse lemon tsami. Allah ya sa ban biye musu ba. Ruwa kawai, mai yawa, mai gudu, na kusan minti ashirin. Manja rufe ta zai yi a jikin fata ta ci gaba da aikinta, neman lemo kuwa ɓata lokaci ne.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta haska bakin yaron ta ce bai sha ba. Tana ɗaure mini hannu tana ba ni labarin waɗanda suka sha. Ta ce iyaye kan ɗura wa yaro manja ko su sa masa yatsa ya yi amai, alhali aman sake ƙona maƙogwaron yake yi a hanyar fitowa. Abin da ake so a garzayo da shi kawai. Wasu kuma sai bayan makonni hanyar abinci ta tsuke, ko kunu ba ya wucewa. Sai ta ɗago ta dube ni: "Baiwar Allah, a wane mazubi kika jiƙa ta?" Na kasa amsawa.

Babansu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Da yamma ya shigo da kwaɗo da makulli biyu ya miƙo mini, bai ce uffan ba. Hajiya ce ta ce a bar sana'ar nan haka. Ban bari ba, amma aikin bikin ya kuɓuce, hannu a naɗe ba ya juya sabulu.

Yanzu soda tana da bokitinta, na shafa masa jan fenti, yana kulle a ɗakin ajiya mai taga. Sai yara sun yi barci nake jiƙawa, da safar hannu ta roba da tabarau, ga jarkar ruwa cike a kusa. In bokitin nan ya tsage, aiki ya tsaya sai na sayo wani, ko bikin wa za a yi. Mata kan tambaye ni sirrin kumfa da turaren da nake sawa, ni kuma sai na fara tambayarsu a ina suke ajiye ruwan soda, da wa ke iya kai hannu wurin. Wasu har haushina suke ji.

Farin bokitin na fasa shi da taɓarya. Yaron kuwa har yau ba ya ɗiban ruwa sai ya zo ya ja mini zani: "Umma, wannan na sha ne?"