Ranar da aka tambaye ni yadda nake ɗaukar hoto

Shekara shida na yi ina ɗaukar hotunan biki da suna a Kano kafin in fara neman aikin albashi, kuma tambayar da ta kayar da ni a intabiyu ta farko ba ta shafi kyamara ba ko kaɗan. Na kwana ina bitar bambancin madubin kyamara mai milimita 50 da mai 85, sai ga shugaban kwamitin ya dube ni ya ce, "Malam, faɗa mana yadda kake aikinka." Na ce masa ni mutum ne mai haƙuri, mai kiyaye lokaci, mai son sana'arsa. Duk gaskiya na faɗa, amma babu wanda ya zauna a kujerar nan ranar bai faɗi haka ba, kuma ban samu aikin ba.

Bayan wata huɗu wata ƙungiya mai aikin kiwon lafiya a karkara ta kira ni, kuma Hajiyar da ke jagorantar zaman ta yi mini tambaya irin waccan. A wannan karon ban yabi halina ba, sai na ba ta labarin wuni guda na aiki. Na ce, "Ranki ya daɗe, nakan isa wuri da awa ɗaya kafin lokaci don in ga inda haske yake faɗowa, kuma kyamarata ba ta fita daga jaka sai na gaisa da mai unguwa da maigida." Na bayyana mata cewa ba na shiga cikin gida sai an yi mini iso, kuma idan na ɗaga kyamara na ga mace ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, to ta riga ta ba ni amsa, sai in sauke hannuna ba tare da na sa ta furta komai ba. A nan ne na ga ta ɗauki biro ta fara rubutu.

Na ƙara da cewa na fi son hasken hantsi da na bayan La'asar, domin ranar tsaka tana jefa inuwa cikin kwarmin ido, kuma a lokacin hunturu ba na cire madubin kyamara a fili saboda ƙura. Kowane hoto yana sauka a katin ajiya biyu na cikin kyamara, kuma ba na kwanciya sai na kwafe aikin ranar a wuri biyu.

Na tafi da hotuna goma sha biyu da na wanke, sai wani dattijo a kwamitin ya zaro na Hawan Daushe ya tambayi yadda na same shi. Na ce masa tun kafin La'asar na kama wuri ɗaya a Ƙofar Kudu ban motsa ba, domin wanda ya bi dawakai da gudu bayansu kawai zai ɗauka, ni kuwa ina jiran lokacin jahi ne, sa'ad da mahayi zai ja linzami ya ɗaga hannu. Na fahimci cewa hoto ɗaya da mutum zai iya bayyana dalilinsa ya fi hamsin da zai baje a tebur ya yi shiru.

Tambayar da ta fi nauyi ta zo daga baya: me zan yi idan aka ce in haskaka fatar wani? Na ce ina gyara haske da launi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, amma ba na canza wa mutum launin da Allah ya ba shi, kuma na faɗi cewa wannan ya sa na rasa wasu amare. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga hoton yarinya baƙa kyakkyawa an mayar da ita wadda mahaifiyarta ma sai ta sake dubawa kafin ta gane ta.

Da Hajiya ta tambayi kwana nawa nake ɗauka kafin in miƙa aiki, bakina ya so ya ce biyu, amma na ce biyar, domin abin da na saba ke nan. Ta ce su kwana uku suke buƙata, muka daidaita a kan in riƙa tura hotuna ashirin na farko washegari, sauran kuma su biyo baya. Ranar Litinin ta gaba na kama aiki.