Godiya a madadin Mama da mu 'ya'yanta

Salamar Ubangiji ta kasance da ku duka. Gajiya ba ta sake ni ba tukuna, amma Mama ta hana ni sakat, ta ce sai na rubuta godiyar nan yau.

Kun riga kun san yadda abin ya kasance. Takarda ta iso daga Roma cewa Paparoma ya ba Mama lambar yabo saboda hidimarta ga coci, an sa ranar Mas ɗin da za a maƙala mata, ana cikin shiri sai ga Mama a gadon asibiti. Daren da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda likita ya ce jininta ya yi ƙasa, dole a ƙara mata kafin gari ya waye. Aka gwada nawa bai dace ba, ƙanena kuma yana hanya. Na kira duk wanda ya kamata in kira. Wasu wayoyin suka yi ta ƙara har suka tsinke.

Ana cikin haka Fada mataimaki ya shigo da man shafewa. Ina ganin ɗan kwanon a hannunsa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube gefen gado ina kuka. Mama ta buɗe ido ta harare ni. Ta ce, "Ke yarinyar nan, share hawayen. Man marasa lafiya ne. Gida nawa na raka shi? Da yawansu ai suna nan da ƙafarsu." Ta miƙa wa Fada hannuwanta da kanta, ya shafa mata a goshi da tafin hannu, ta amsa Amin da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

Can tsakar dare wani mutum ya leƙo, kayan aiki ne a jikinsa, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Yaya, ni ne na zo ba Mama jini." Saƙon da Baba Katikis ya tura a WhatsApp ne ya zaga har ya kai gare shi. Bayan an ɗiba, ya zauna a benci yana danne auduga a hannu, ya ce min shekarun baya ya yi zaman jiran shari'a a gidan yari, ba wanda ya leƙo shi daga gidansu. Mama da wata tsohuwa ne suke zuwa duk mako, kuma ba su taɓa tambayarsa abin da ya kawo shi ba. Shi ba ma ɗan Katolika ba ne. Na kawo kuɗin mota ya ƙi karɓa, ya roƙe ni kada in faɗi sunansa. Ba zan faɗa ba, ɗan'uwa. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana, ya sa albarka a sana'arka, ya ba ka 'ya'yan da za su tsaya maka.

Muna yara, haushin wannan fita muke ji. Dokar Lijon na Maryamu, ƙungiyar addu'a da ziyara ta Katolika da Mama take ciki, tun da Frank Duff ya kafa ta a Dublin a 1921, ita ce taro duk mako, ziyara bibbiyu ta awa biyu, sannan a dawo a ba da rahoto. Mama awa biyu ba ta taɓa isarta ba. Da yake a Lijon ba a ba da kuɗi ko kaya, ita kuma ba ta iya ganin mai yunwa ta tsaya a addu'a kawai, sai ta shiga ƙungiyar St. Vincent de Paul mai taimakon matalauta ma. Ga wankin mayafan bagade, ga koyar da katikizim, ga 'ya'yan baftisma da mun daina ƙirgawa. Shekara arba'in da ɗoriya, ko sisi ba a taɓa biyanta ba.

Ranar Lahadi a keken marasa lafiya muka shigar da ita. Baba Bishop bai jira mu yi dabarar hawa da ita ba, ya sauko daga bagade da kansa ya maƙala mata lambar Pro Ecclesia et Pontifice, wadda Paparoma Leo na 13 ya kafa a 1888: gicciye mai ruwan zinariya da hoton Bitrus da Bulus, a jikin ƙyalle fari da rawaya. Coci ya ɗauki guɗa. Na sunkuya in ji abin da take raɗa min, ashe cewa take mayafin bagade bai sha guga da kyau ba.

Babban Fadanmu, kai ka rubuta wa Bishop a ɓoye, shi kuma ya aika Vatikan ta hannun jakadan Paparoma, watanni ba wanda ya ji. Mun gode. Maman 'Yan Biyu, kin ce kada in ambace ki, amma ke kika kwana a ƙasa kan zane ɗaya don in samu in runtsa. Baba Katikis, Sistocin da suka riƙa kawo mata Jibin Ubangiji, direban Fada, mawaƙa, matan zumunta da suka yi ta jan Rosari a barandar asibiti har mai gadi ya gaji da korarsu, Allah ya saka muku ninkin ba ninkin. Ya tsare fitarku da shigarku. Ranar da kuka kwanta ciwo, kada ku rasa mai ƙwanƙwasa muku ƙofa. Uwa Maryamu ta yi roƙo dominku da gidajenku.

Dangi kuwa, waɗanda suka zo mun gode. Waɗanda suka ga hotuna a Facebook sannan suka tuna lambar wayata, na ga kiranku. Mama ta ce in bar maganar, na bari.

Likita ya hana ta fita har sai ya sake duba ta, masu zuwa gaisuwa don Allah ku bari sai da yamma. Akwai kuma tsofaffi da marasa lafiyar da sunayensu ke cikin littafinta, tun da ta kwanta ba a je wajen wasu ba. Littafin yana hannun shugabar Lijon, duk mai iya ɗaukar ko gida ɗaya ne ya same ta bayan Mas.