Daga unguwar Shara Mansur ta Makka zuwa ga gamayyar ƙungiyoyin Kano

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Ina gaisuwa daga Makka, da fatan kuna lafiya.

Na ji ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya da masu unguwanni sun fara haɗa kai don tunkarar gwamnati kan hakkin yara. Madalla. Shawarata ɗaya ce: kada ku shiga majalisar dokoki da buƙatu ashirin, ku shiga da guda ɗaya, wato kuɗin ciyar da 'ya'yan da aka saki iyayensu mata.

Abin da na gani a nan ne ya sa nake faɗa. A 2017 Saudiyya ta kafa asusun nafaƙa ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Idan alƙali ya yanke wa uba kuɗin ciyarwa ya ƙi biya, asusun ne zai riƙa ba uwar, sannan hukuma ta bi uban ta karɓo. Ba matar ce za ta yi ta sintiri tsakanin kotu da ƙofar gidan tsohon miji da goyo a baya ba. A gida kuwa ƙanwata ta samu hukunci, takarda na hannunta, amma ko kwano ɗaya na masara ba ta gani ba. Ƙarshenta babbar 'yarta ta bar aji huɗu ta ɗauki farantin talla. Ni nake tura musu ɗan abin da ya samu daga wankau da shara a gidajen Larabawa, kuma mu takari masu irin wannan nauyi muna da yawa.

Kada wani ya ce muku baƙon abu ne. Ciyarwa wajibin uba ce a Musulunci, karɓo ta ne ya gagara. Dokoki ma ba su muka rasa ba: ta tarayya kan hakkin yara tun 2003 take, Kano ta sa hannu a tata a 2023, a 2024 aka ƙara ta gwajin lafiya kafin aure, abin da Saudiyya ta wajabta tun 2004. Kun tuna ka-ce-na-cen da aka yi a 2017 da Sarki Sanusi ya taso da batun dokar iyali? An tsaya gardamar ƙarin aure, aka manta da cikin yara. Don haka ku fara da limaman Juma'a, kafin a yi muku fassarar da ba ku nufa ba.

Ku jawo Hisbah, don ita ta san yawan ƙorafin, da Hukumar Zakka da Hubusi. Ku nemi a kafa irin wannan asusun a Kano, a sa shi a kasafin kuɗi da adadinsa a rubuce, ba alkawarin baki ba. Ranar jin ra'ayin jama'a kan kasafin ku cika zauren, zawarawan a sahun gaba, kowace da takardar hukuncinta.

Ku gaida gida. In kun sa rana, ku sanar da mu, za mu yi karo-karo na kuɗin mota.

Taku,
wata 'yar Kano a Makka