Shafin da na ɓata da gangan

Wata bakwai sabon littafina na zane yana cikin durowa, ko ɗigon tawada bai taɓa shi ba. Takardarsa mai kauri ce, irin mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita ɗin nan da ba ta cika lanƙwashewa ba in ta sha ruwa, kuma kyanta ne ya hana ni sakat. Duk sanda na buɗe sai in ji wata murya a raina tana cewa, ke da ko kofi ba ki iya zanawa ba, me za ki yi da wannan? Sai in rufe in mayar.

Ranar da na fara, haushi ne ya tunzura ni. Na ɗauki biro na rubuta duk abin da muryar nan take faɗa mini, layi a kan layi, har rubutun ya daina karantuwa. Sannan na shafe shi da jeso, wani farin fenti mai garin alli a ciki, wanda in ya bushe yake barin ɗan kaushi don fensir da fenti su samu abin kamawa. Da ya bushe, inuwar kalmomin tana ɗan leƙowa ta ƙasa, kamar tsohon tabo. Shafin dai ya riga ya ɓaci, don haka babu sauran abin da zan ji tsoron lalatawa. Na yagi tsohuwar ambulan da guntun jarida na liƙa da gam, na matso shuɗin fenti na akirilik na shimfiɗe shi da gefen wani tsohon kati. Ban ankara ba awa biyu ta wuce.

Ɓarna kam na yi ta. Na kashe alƙalami biyu don gaggawar rubutu a kan fentin da bai gama bushewa ba. Shafuka biyu sun manne da juna saboda akirilik yana da danƙo ko bayan ya bushe, da na ɓamɓare su fuskar da na wahala a kanta ta tafi da rabi. Yanzu kyandir nake ɗan gogawa a kai kafin in rufe. A nan ne ma na gano cewa in ka ja layi da kyandir ka bi da fentin ruwa, layin zai fito fes, domin ruwa ba ya zama a kan kakin.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne sanin halin kayan. Fentin ruwa yana farkawa in ka sake jiƙa shi, sai ka ɗauke da kyalle. Akirilik in ya bushe ya zauna ke nan, sai dai ka hau kansa da wani. Ko ta ina akwai hanyar gyara. Daga baya na karanta cewa Kurt Schwitters, wani Bajamushe, tun wajen 1919 yake haɗa hotunansa da tsofaffin tikiti da takardun da mutane suka yar, na daina jin kunyar kwalin tarkacen da nake ajiyewa.

Muryar ba ta tafi ba, in faɗi gaskiya. Har yanzu takan zo, musamman a sabon shafi. Shafi na goma sha huɗu ma ya yi muni ƙwarai, launin ya koma kamar taɓo. Sau uku na ɗauko jeso zan rufe shi, sai na fasa, na rubuta kwanan wata a ƙasa na juya.